FILIN SANA'A DA FASAHA: Ɗanmu ya ƙera na'urar hana babur santsi, amma a yi haƙuri tukuna

 A wannan wata mun ajiye maganar da muka yi niyyar kawo muku, saboda wani abu da muka gani da idonmu a nan Kumasi, wanda muke jin ya shafi kowane gida mai babur, kuma kun san a zangunanmu gidajen da babu babur ƙalilan ne.

Makonni uku da suka wuce, wani saurayi ɗan unguwarmu da yake shekarar ƙarshe ta karatun injiniya a wata babbar makarantar fasaha, ya aiko mana cewa mu zo filin ƙwallo da sassafe mu ga aikinsa na kammala karatu. Ba za mu faɗi sunansa ba, domin malamansa ba su gama duba aikin ba. Da muka je sai muka tarar da shi da wani tsohon babur na kawunsa, da wani ɗan akwati kamar na sabulu ɗaure a ƙarƙashin kujera. Waya ɗaya ta gangara zuwa ƙafar gaba, ɗaya zuwa ƙafar baya, ta uku ta shige cikin wayoyin inji.

Ya sa hular kwano, ya kai babur inda rairayi ya taru, ya kashe na'urar, ya murɗa totur. Nan take tayar baya ta shiga juyawa a wuri ɗaya tana watsa ƙasa, gindin babur ya karkace, sai da ya sa ƙafa ya tokare. Ya dawo ya kunna na'urar, ya sake murɗawa kamar farko. A wannan karo inji ya ɗan yi tari, taya ta kama ƙasa, babur ya miƙe sosai ya wuce. Yaran da suka taru suka ɗauki sowa.

Daga cikin 'yan kallo akwai wani mai ɗaukar fasinja da babur. Ya matso ya ce, "Ƙanena, faɗi kuɗinka, gobe-goben nan nake so ka ɗaura mini." Yaron ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ko kyauta ba zan sa maka ba tukuna." Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce girman kan 'yan boko ne. Mu kuwa muna ganin wannan amsa ita ce mafi kyawun abin da muka gani a filin nan, kuma dalilin da ya sa muka ce haka shi ne maganarmu ta yau.

Bari mu fara da yadda santsi yake faruwa. Abin da ya haɗa babur da ƙasa wurare biyu ne kacal, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba. Duk ƙarfin da inji yake bayarwa ta wannan ɗan wuri na tayar baya yake bi. Idan ƙarfin ya fi abin da ƙasa za ta iya riƙewa, sai taya ta kuɓuce, tana juyawa fiye da tafiyar da babur yake yi. Busasshiyar kwalta tana da riƙo ƙwarai. Amma rairayin da ke taruwa a bakin titi lokacin hunturu, da jar ƙasa bayan ruwan farko, da baƙin man da ke zuba a gaban gareji, da fentin layin titi idan ya jiƙe, duk riƙonsu kaɗan ne. Mota tana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta zame sauran za su tallafa. Babur kuwa da zarar ƙafar baya ta zame a kwana, gefe take nufa. Mafi muni ma shi ne taya ta zame sannan ta sake cafke ƙasa farat ɗaya, domin a lokacin ne babur yake yin wurgi da mahayi ta sama.

Dabarar na'urar ba ta da wuyar ganewa. Ƙafar gaba ba inji ne yake juya ta ba, hanya ce take juya ta, don haka ita ce take faɗin gaskiyar gudun babur. Ƙafar baya kuwa inji ne yake tura ta. To, idan ta gaba ta ce kilomita 30 ake yi a awa ɗaya, ta baya kuma ta ce 36, an san cewa ta baya ta zarce da kashi 20 cikin 100, watau tana zamewa ke nan. Sai a rage wa inji ƙarfi na ɗan lokaci har ƙafafun biyu su daidaita. Ba a so a hana zamewar baki ɗaya, domin masana taya sun nuna cewa a kan kwalta taya ta fi riƙo ne sa'ad da take ɗan zamewa kaɗan, wajen kashi 10 cikin 100 ko ɗan fiye da haka. Saboda haka yaronmu ya saita tasa ta shiga aiki idan bambancin ya wuce kashi 15.

Na'urar tana da sassa uku, kamar ido da ƙwaƙwalwa da hannu. Idon wani ɗan ƙaramin abu ne da bai fi ƙwayar wake ba, wanda yake ba da alama duk lokacin da maganaɗisu ya gifta ta gabansa. Yana aiki ne da wata ka'ida da wani Ba'amurke mai suna Edwin Hall ya gano tun a 1879. Ƙwaƙwalwar ita ce wata 'yar kwamfuta mai suna Arduino, wadda aka fara yin ta a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya domin ɗalibai, kuma ana samun ta a shagunan kayan lantarki. Ita ce take ƙirga alamun ƙafafun biyu tana gwada su. Hannun kuma shi ne wayar da ke shiga akwatin CDI, watau akwatin da ke aika wuta ga fulogi, domin a hana fulogi ba da wuta sa'ad da ƙwaƙwalwa ta yi umurni.

Wannan tunani ba sabo ba ne, kuma yaron bai ce shi ya fara shi ba. Kamfanin Buick na Amurka ya sa irinsa a motocinsa tun a 1971. A wajen babura, BMW na Jamus ne ya fara fito da birkin ABS a 1988, wanda yake hana taya daskarewa idan an taka birki. A 1992 Honda ta fito da babban babur ɗinta ST1100 da na'urar hana santsi. A 2008 Ducati ta sa irin ta 'yan tsere a babur ɗinta 1098R, sannan a 2009 BMW ta fito da S1000RR, wanda na'urarsa take auna har da yadda babur ya kwanta a kwana. Abin da ɗanmu ya yi shi ne ya gwada ko za a iya yin haka a kan ƙaramin babur mai kafireta irin wanda muke hawa, da kayan da ke kasuwarmu.

Bayan an watse mun zauna da shi a inuwa, ya buɗe mana littafin da yake rubuta abin da ya faru kowace rana. Kusan rabin littafin labarin kurakurai ne, kuma daga nan muka fahimci dalilin amsar da ya ba mai haya.

Kuskure na farko na ƙirga ne. Da fari maganaɗisu huɗu ya manna a kowace ƙafa. Zagayen tayar irin wannan babur wajen mita 1.8 ne. Idan ana gudun kilomita 36 a awa, watau mita 10 a daƙiƙa, ƙafa tana juyawa sau biyar da rabi, ido yana samun alama 22 a daƙiƙa. Wannan ba laifi. Amma a gudun kilomita 10, wanda a nan ne aka fi zamewa wajen tashi, alama 6 kawai ake samu a daƙiƙa. Kafin na'ura ta gane abin da ke faruwa, mahayi ya riga ya sha ƙasa. Maganin shi ne zoben ƙarfe mai haƙora 40 a kowace ƙafa, da maganaɗisu guda a bayan idon, yadda kowane haƙori zai ba da alama. Da haka alama 6 ta koma wajen 60.

A nan ne ilmin aji ya tsaya, ya nemi taimakon hannu. Yaron ya tafi Suame Magazine wajen wani dattijon bakanike, ya nuna masa zane. Ya ce da shi, "Masta, haƙoran nan sai sun zama daidai wa daida, in ɗaya ya fi faɗi na'ura za ta ɗauka santsi ne." Dattijon ya ce, "Ɗana, zanenka ya yi kyau, amma a inda ka sa shi sandar birki za ta cinye shi kafin ka kai bakin titi." Sau uku ana yanka zoben kafin a dace, kuma Masta ne ya nuna wurin da za a ɗaure idon yadda girgiza ba za ta kawar da shi ba.

Kuskure na biyu shi ne ya ɗauka ƙafafun biyu girmansu ɗaya. Alhali tayar gaba mai lamba 2.75-17 ce, ta baya 3.00-17, bambancin zagayensu ya kai kashi 2 cikin 100. Dole a gaya wa ƙwaƙwalwar wannan bambanci. Daɗin daɗawa, bambancin yana sauyawa idan iska ta ragu, ko taya ta cinye, ko an ɗora buhu a baya, ko an canza taya da wata iri. Haka kuma idan babur ya kwanta a kwana, taya tana tafiya ne a kan gefenta, inda zagayen ya fi ƙanƙanta, sai lissafi ya sake kaucewa. Manyan kamfanoni sun magance wannan da ma'aunin kwanciyar babur. Na'urar ɗanmu ba ta da shi tukuna.

Kuskure na uku shi ne wanda ya bar masa tabo a gwiwar hannu. Fulogi yana aiki da wuta ta dubban bolt, ita kuwa 'yar kwamfutar da bolt 5 take aiki. Duk lokacin da fulogi ya yi tartsatsi, sai wayoyin ido su ɗauki wani abu kamar ƙarar da rediyo ke yi idan babur ya wuce kusa. Ƙwaƙwalwa ta ƙirga wannan a matsayin haƙora, ta ɗauka tayar baya ta haukace, ta yanke wuta yana tsakiyar juyawa a filin. Babur ya dunƙule, ya faɗi. Sai da ya canza wayoyin zuwa masu rigar ƙarfe, ya raba hanyarsu da ta wayar fulogi, ya kuma sa wani ɗan abu da ke isar da umurni ta hanyar haske, yadda wutar inji ba za ta taɓa ta kwamfuta ba.

Akwai kuma matsalar da ba ta da cikakken magani a babur mai kafireta. Baburan zamani kwamfuta ce take auna musu mai da iska, saboda haka tana iya rage ƙarfi a hankali, mahayi ma bai ji ba. Kafireta kuwa ba ta karɓar umurnin kowa, abin da ya rage shi ne a hana fulogi wuta. Inji mai tukunya ɗaya da ke juyi 6,000 a minti yana ƙona mai sau 50 a daƙiƙa. Na'urar tana tsallake ɗaya cikin uku, in santsi ya yi yawa ta tsallake ɗaya cikin biyu. Tarin da muka ji ke nan. Man da bai ƙone ba kuwa salansa yake wucewa, ya yi ta fashewa a can, fulogi kuma ya yi baƙi. A fili na minti goma babu damuwa. A hayar yini guda, wata da watanni, magana ta canza.

To, ga babbar maganar. Yaron ya tambaye mu, "Baba, idan wayar ƙafar gaba ta tsinke ana cikin gudu, me kuke gani zai faru?" Muka ce sai na'ura ta daina aiki. Ya ce a'a. Ƙwaƙwalwa za ta ga ƙafar gaba ta tsaya cik, ta baya tana gudun 60, sai ta ɗauka santsi ne mafi girma, ta yanke wuta. Ku ɗauka mahayi yana tsakiyar wuce tifa a hanyar Techiman, da mace da goyo a bayansa, ga mota tana tahowa. Abin da aka sa domin tsaron rai shi ne zai jawo asarar rai. Ya riga ya koya wa na'urar cewa in alama ta ɓace farat ɗaya, to ta janye hannunta, ta kunna jar fitila, ta bar babur ya yi aiki kamar babu ita. Ya kuma haɗa wayar yadda ko kwamfutar ta mutu, wutar fulogi ba za ta yanke ba. Amma duk gwajin da ya yi 'yan awoyi ne a fili. Bai san abin da ruwan damina da ƙura da zafin inji da ramukan hanya za su yi wa wayoyin nan bayan wata shida ba. Wanda ya san iyakar abin da ya gwada, ya kuma ƙi karɓar kuɗi a kan abin da bai gwada ba, shi ne ya cancanci a kira shi injiniya.

Har ila yau ya kamata mahaya su san abin da wannan na'ura ba za ta yi musu ba, ko da ta kamfani ce. Aikinta a kan totur ne kawai. Idan akuya ta gifta ka damƙi birki ƙafar gaba ta zame, babu ruwanta, wannan aikin birkin ABS ne. Shi ya sa Tarayyar Turai daga 2016, da Indiya daga 2019, birkin ABS suka wajabta wa sababbin baburan da suka wuce cc 125, ba na'urar hana santsi ba. Sannan a duba ƙarfi. S1000RR na 2009 yana da ƙarfin doki 193, babur kamar Boxer 150 kuwa wajen 12 ne. Ƙaramin babur ba ya kuɓuce wa mai shi a busasshiyar kwalta, sai a rairayi da taɓo da jiƙaƙƙiyar hanya. A cikin taɓo mai zurfi ma wani lokaci sai taya ta yi juyin banza kafin a fita, shi ya sa baburan daji suke da maɓallin kashe na'urar. Don haka mai neman tsira a yau ya fara da abin da ke hannunsa: taya mai zane, iska daidai, birki mai ci, sarƙa a ɗaure, hular kwano ga mahayi da fasinja, da sassauta hannu idan an ga rairayi. Rigakafi ya fi magani.

Me ya rage gare mu? Na farko iyaye. Mun ji an ce da yaron nan yana lalata babur ɗin kawunsa yana ɓarnar kuɗi. Wanda ya lissafa alama 6 da alama 60 ya gano inda matsala take, ba wasa yake yi ba. Ko da wannan na'ura ba ta taɓa shiga kasuwa ba, hannun da ya haɗa ta zai iya gyara famfon sola, da na'urar asibiti, da sababbin motoci da babura masu kwamfuta waɗanda suke shigowa garejinmu suna gagarar masu gyara.

Na biyu mastocinmu. Haɗin kai tsakanin 'yan makaranta da masu sana'a ba baƙon abu ba ne a garin nan. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda ke ɗauke da sunan Kwame Nkrumah, ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, kuma a 1980 cibiyar ta buɗe sashe a cikin Suame Magazine domin a yi aiki tare da bakanikai. 'Ya'yan zango da yawa sun koyi sana'a a Suame. Idan ɗalibi ya zo da zane, a karɓe shi, a gyara masa, a kuma bar yaran gareji su tsaya su ga yadda ake auna wuta da karanta alama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku masu hali da ƙungiyoyin matasa. Abin da irin wannan ɗalibi yake bukata bai kai kuɗin rumfa da kujerun biki guda ba: tsohon babur na gwaji, da kayan awo, da hular kwano mai kyau, da riga da safar hannu masu kauri. Ƙungiya ɗaya za ta iya ɗaukar nauyin aikin ɗalibi ɗaya a shekara.

Na huɗu su kansu ɗalibai masu sha'awar irin wannan aiki. A fara gwaji babur yana kan jaki, ana juya ƙafafu da hannu, ana kallon lambobi. Daga nan a hau ana rubuta lambobi kawai, ba tare da an ba na'ura ikon yanke wuta ba. Sai lambobi sun yi daidai kwana da kwanaki sannan a haɗa wayar CDI, a fili, a giya ta ɗaya, da wani a tsaye kusa, babu fasinja, babu hawa titi. A cire waya da gangan a ga abin da zai faru. A rubuta kowane kuskure, domin wanda zai zo baya ya ɗora daga nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai haya, mun sake haɗuwa da shi a bakin kasuwa. Muka duba tayarsa ta baya, ta yi sumul kamar tafin hannu. Muka ce da shi kuɗin da ya yi niyyar biyan yaron ya kai su wajen mai taya. Ya yi dariya ya ce zai duba. Muna fata ya duba kafin ruwa ya sauka.

Duk ɗalibin da yake da wani aiki a hannu, ko Masta mai gyara a kan abin da muka faɗa, ya rubuto mana ta hannun edita.